Mai Cokali Biyu

Da hantsi ake jin kukan tayar keken abincinta a barandar gidan kula da tsofaffi. An ɗauke ta aiki ne ta ajiye kwano ta wuce, ita kuwa ba ta iya wucewa ba. Kullum akwai cokali na biyu a aljihunta, har sunan Mai Cokali Biyu ya bi ta.

Ta dalilin mahaifina na san ta. Bayan rasuwar mahaifiyarmu jinya ta kai shi gidan, sai ya daina cin abinci. Ba ya gardama, "na ƙoshi" kawai yake cewa. Zobensa ya fara zamewa daga yatsa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, ɗan zazzaɓi ma ya isa ya tafi da shi. Mun yi lallashi har mun gaji.

Ran nan ina zaune ta shigo, ta ja kujera, ta dafe ciki.

"Baba, yau ko karyawa ban yi ba. Za ka sam mini?"

Mutumin da baƙo bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, sai ga shi ya yunƙura ya zauna.

"Subhanallahi! Matso, 'yata, ci mana."

"Haba Baba, ni kaɗai kana kallona? Gara in haƙura."

Ya ɗauki cokali. Ni kuwa na fita baranda na sha kukana.

Ashe haka take bi ɗaki-ɗaki, kowa da dabararsa. Mai shara ta shaida mini cewa tsohuwar ɗakin ƙarshe sai an ce, "Iya, ɗanɗana, kamar gishiri bai ji ba," sannan ta cinye tana kushe mai girki. Abokan aiki suna tsokanarta wai rigar aiki ta matse ta. Takan ce, "Ƙibar tsofaffina ce, ajiya suka ba ni."

Mai Cokali Biyu, ke ce kika gane tsoho yakan bar abinci idan ya rasa abokin ci. Har yau abin yana ba ni mamaki. Mun gode, Allah ya biya ki. Ku kuma masu tsoho a gida ko a asibiti, ku riƙa jan kujera ku zauna.

Bana ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki, tana zaune ita kaɗai. Baba ya matsa sai da na kai shi gaishe ta. Muka tarar ta rame, ga kwanonta a rufe tun safe. Ya dube ta, ya dubi kwanon, ya laluba aljihu ya zaro cokali.

"'Yata, yau ko karyawa ban yi ba."