Tatsuniyar da Na Yi wa Anti Laraba da Rana

Ban taso a gaban kakata ta jini ba. A gidan marayu na taso, wani gida mai jan ƙyaure a Tudun Wada, wanda matan coci ke riƙe da shi. Kakarmu duka ita ce mai dafa mana abinci, Kaka Saratu, gajeruwar tsohuwa mai faɗan tsiya. In ta kama ka da hannu a tukunya za ta bi ka da muciya har bakin rijiya, in an zo rabon tuwo kuma kai za ta ƙara wa miya. Da damina, in an gama cin tuwo, mukan cika madafa mu kewaye murhu, ta jera masara a kan garwashi tana juyawa da yatsunta kamar ba wuta ba. Sai ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, mun share wuri." Dokarta ɗaya ce: da zarar ladanin masallacin bayan katangarmu ya kira isha'i, duk inda ta kai nan za ta tsaya, a tashi a yi addu'a a kwanta. Roƙo ba ya aiki a wurinta.

Ina shekara takwas aka kawo mana baƙi, ɗalibai uku daga Jamus da suka zo taimako a lokacin hutunsu. Biyun ba na ma tuna fuskarsu. Ta ukun doguwa ce mai yawan dariya, sunanta ya ƙi zama a bakin kowa, sai Kaka ta ce tunda ranar Laraba ta sauka, to ta zama Laraba. Haka ta amsa shi har ta tafi. Matan gidan suka karɓe ta hannu biyu. Suka ɗaura mata zane, ya kwance, suka sake ɗaurawa. Suka yi mata kitso, kafin kwana biyu ya warware don santsin gashinta. Ranar da ta ce za ta tuƙa tuwo, gudaji suka fi tuwon yawa, Kaka ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi, kaji ma suna da rabo."

Ni ce na zama tafintarta a bakin murhu, da ɗan Turancina na aji uku da kwatance da hannu. Nakan zauna a cinyarta, haɓarta a kan kaina, Kaka ta faɗi, ni in juya mata. Rabin abin da nake gaya mata ƙari ne nawa, amma takan yi dariya a inda ya dace. Kafin ita babu wanda ya taɓa zaɓata ni kaɗai a cikin yara. Da safe ni take fara nema da ido. Na so ta sosai, irin son da yaro ke yi bai san yana da ranar ƙarewa ba.

Daren da za ta kwana ta tafi, an ɓata lokaci wajen waƙoƙin ban kwana, don haka Kaka ta fara a makare. Ta ɗauko tatsuniyar yarinya da shamuwa, wadda mu mun riga mun haddace. Wata yarinya ce da ba ta da kowa sai wata shamuwa da ke sauka a kan tsamiyar gidansu duk farkon damina. Tare suke yini, yarinyar tana kama mata fara, ita kuma tana ba ta labarin garuruwan da ta ratso. Da lokacin kaka ya yi, shamuwa ta fara kallon sama, sai yarinyar ta samo zare ta ɗaure mata ƙafa a jikin reshe. Shamuwa ba ta yi faɗa ba, ta dai daina magana. Rani ya wuce, lokacin ruwa ya zo, ko hadari babu. Kaka ta ƙanƙance murya ta ce, "Sai shamuwa ta buɗe baki ta ce, yarinya, kin san aikina?" A daidai nan ladan ya ɗaga murya. Kaka ta karkaɗe zane ta miƙe. Anti Laraba ta haɗa hannu tana roƙo da guntuwar Hausarta, Kaka ta ce, "In tana son ƙarshen, ta dawo baɗi."

A gidanmu kowa ya san ba a tatsuniya da rana. Kaka ta sha gaya mana cewa wanda aka yi wa tatsuniya rana tsaka hanya za ta ɓace masa, ya yi ta yawo bai kai inda ya nufa ba. In kuma ya zama dole, sai mai bayarwa ya ƙulla bakin zanensa tukuna, an ɗaure ta ke nan, ba za ta bi kowa ba. Mun yarda da wannan kamar yadda muka yarda wuta na ƙuna.

Washegari da hantsi ana loda jakunkunansu a mota, na ja Anti Laraba bayan madafa na ce zan ƙarasa mata. Ta durƙusa ta riƙe hannuwana. Na gaya mata yadda shamuwa ta ce ita ce mai zuwa kiran ruwa, in ba ta tafi ba babu mai zuwa. Yadda yarinyar ta kwance zaren tana kuka, tsuntsuwar ta tashi, bayan kwana bakwai ta dawo da hadari a bayanta. Ina sane ban ƙulla zanena ba. Lissafina shi ne in hanya ta ɓace mata, ai babu inda ta sani a ƙasar nan sai gidanmu, dole ta juyo. Ta rungume ni, ta shiga mota, ni kaɗai ce ban yi kuka ba. Har ina jin tausayin sauran yaran da ba su san abin da na shirya ba.

Na yini a bakin ƙyaure. Na sake yini washegari. A rana ta uku tsoro ya fara shigata, don na tuna Kaka ba ta taɓa cewa wanda ya ɓata yana komowa inda ya baro ba. Na riƙa ganinta a wani daji da jakarta, babu mai jin yarenta, zanenta yana kwancewa babu mai ɗaura mata. Na kasa cin abinci. Da yamma Kaka ta same ni a bayan madafa tana ɗiban itace.

"Hannatu, me ke cin ki?"

Na gaya mata duka, ina jiran muciya. Ta ajiye itacen ta zauna a kan turmi.

"To yanzu ya kike so?" ta ce. "Lokaci bai ƙure ba. In kin ƙulla yanzu, za ta sami hanya ta isa wurin uwarta. In kin bari, ta yi ta yawo, wataƙila wata rana ta faɗo nan, wataƙila ba ta faɗo ba."

"Kaka, in na ƙulla za ta dawo baɗi?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ki ƙulla mini."

"A'a. Ba ni na yi tatsuniyar ba."

Na kama bakin zanena na ƙulla, na ja da haƙori don kada ya kwance. A lokacin ne kukan da ban yi ba ranar tafiyarta ya zo. Kaka ta jawo ni jikinta mai warin hayaƙi da daddawa, ba ta ce in yi shiru ba.

Bayan wata biyu hoto ya iso ta gidan waya, Anti Laraba da wata dattijuwa mai kama da ita a ƙofar wani gida. Kaka ta kai shi kusa da ido, ta miƙo mini ta ce, "Kin gani? Ke kika kai ta." Baɗi ta zo, shamuwa suka sauka a kan bishiyoyin Tudun Wada, aka kawo wasu ɗalibai, ita ba ta cikinsu. Ba ta sake zuwa ba.

Yanzu ina aikin jinya, ina zaune a unguwar Hanwa da 'ya'yana biyu. Kaka Saratu ta daɗe da rasuwa, gidan marayun ma yanzu da iskar gas ake girki, babu murhun da za a kewaye. Na san tatsuniya ba ta ɓatar da kowa, kuma na gane Kaka ma ta sani. So ta yi in sallami baƙuwata da hannuna, kada in girma ina tsaye a bakin ƙyaure. Ta yi nasara, amma ba duka ba. Sau da yawa nakan ɗauki waya in nemi Anti Laraba, sai in tsaya, don duk duniya mu kaɗai ne muka san ta da wannan suna, na gaskiyan kuma ban taɓa riƙe shi ba. Zanen yana ƙasan akwatina, ya koɗe, ko 'yata ba zai rufe ba. Ranar da ta gan shi ta kai hannu za ta kwance ƙullin, na riƙe hannunta na ce ta bari, akwai wadda yake tsare wa hanya.