Layin da Kasonde Bai Goge Ba

Kasonde Mwape bai taɓa cin albashi ba, kuma ba lalaci ya hana shi ba. Yayarsa Chibesa ce ta riƙe shi tun da ramin tagulla ya rufta da babansu, har ta kai shi kwaleji ya karanta kwamfuta. Ya zaga garin Kitwe da takardarsa har takalmi ya huje, ƙarshe ya ɓige da gyaran waya a kasuwar Chisokone. Ga shi shekara talatin da ɗoriya yana kwana a falon yayarsa, a gidan da kamfanin haƙar tagulla ya ba ta ita da 'ya'yanta, don a ɗakin gwajin ruwan kamfanin take aiki. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Wata rana suna cin nshima, tuwon masararsu, da ƙananan kifin kapenta, bakin Chibesa ya suɓuce. Ta ce sakamakon gwajin ruwan rafi da take yi, da safe ake sa na gaskiya a shafin intanet na kamfani don cika doka, kafin rana ta take an yi masa kwaskwarima.

"Ka ji a nan, ka bar shi a nan," in ji ta. "Aikin nan shi ne gidan nan, shi ne abincin da ke hannunka."

Ina! Mutumin da ya shekara goma yana jiran ranar da zai yi amfani, ka ce ya yi shiru? Kasonde ya zauna ya rubuta manhaja. Ita da kanta take buɗe burauza ba hannun kowa, ta je shafin kamfanin, ta ɗauki hotonsa safe da rana. Don kada a gane gidan, ya bi da ita ta Tor, hanyar nan ta ɓad da sawu da ke zagayawa da mutum ta kwamfutocin duniya, yau a ga kamar daga Jamus ya leƙo, gobe daga Kanada. Sai dai hanyar akwai nawa kamar jakin da aka yi wa lodi. Da gwaji ya ishe shi, ya ƙara layi ɗaya: in ɓoyayyar hanya ta ƙi, a bi ta fili. Ya ce gobe zai goge.

"Injiniyan falo, me kake ƙwaƙula haka?" Chibesa ta tambaye shi.

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Ko aljani bai san ta inda nake shiga ba."

Rani ya yi tsanani, ruwan madatsa ya ja baya, aka shiga ɗauke wuta kullum. Duk sanda wuta ta dawo, kwamfutarsa takan tashi da kanta, kuma burauza takan riga Tor farkawa. Sai ta bi umarnin maigidanta sau da ƙafa, ta miƙe ta fili, a kan intanet ɗin da kamfanin ya ja wa gidajen ma'aikatansa. Haka ta yi ta yi har makonni, shi kuwa yana kasuwa yana canja wa mutane gilashin waya.

Ran nan ya dawo ya tarar da Chibesa zaune da kwalin kayan ofishinta a gaba. An kira ta, an nuna mata lambar intanet ɗin gidanta a allo, an ce daga nan ake sa wa kamfani ido. An sallame ta, an kuma ce ƙarshen wata ta ba da makullin gidan. Kasonde ya buɗe kwamfuta. Ga layin nan zaune inda ya bar shi. Wallahi ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ya kai wa wani lauya hotunan. Lauyan ya duba ya ce, "Ɗan'uwa, irin wannan kowane yaro zai haɗa a waya. Wa zai tsaya ya rantse? Yayarka kaɗai, ita kuma sun riga sun shafa mata kashin kaji." Ɗan jarida ma ya karɓa, ya ce zai kira, shiru kake ji.

Chibesa ba ta zage shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba, kuma da ma zagin ta yi. Ta samu ɗaki ɗaya a Ndola wajen wata ƙawarta. Ranar tashi shi ya ɗora katifu a mota, ya ɗaure su tam, sannan ya ɗauko jakarsa.

"Ajiye ta," ta ce. "Ba na fushi da kai, Kasonde. Na gaji ne. Kada ka biyo mu."

Motar ta tashi. Yaran suna bisa kaya suna ta ihu, "Kawu, yi sauri ka hau, za a bar ka!" Ya ɗaga musu hannu, ya tsaya a bakin ƙofar gidan da jakarsa.