Baba Iliya Mai Faci, Gidana Ne Na Gaba

Ranar Talata, 18 ga watan Nuwamba 2025, da hantsi, Ubangiji ya karɓi ran Baba Iliya, mai faci a tashar Matameye. Bai yi jinya ba. Ya fita da ƙafarsa, da hularsa da sandarsa, aka maido shi gida a kan amalanke. Ni ce Lai'atu, 'yar abokinsa marigayi Bulus. Ina rubuta wannan, kuma ba zan ɓoye ba, ba baƙin ciki kaɗai ke damuna ba, har da tsoro.

Baba, duk wanda ya san tasha ya san rumfarka, da randar ruwan da kake cikawa kullum saboda matafiya. Mutanen ƙauyukan Dawce da Dungu, idan tayar amalankensu ta fashe ranar kasuwa, cewa kake yi su shiga su sayar da geronsu, kafin su fito ka gama. Ranar da zazzaɓi ya sandarar da 'yata Tabita, mijina Dauda yana Kano cin rani, kai ka ɗora mu a kekenka har asibiti, kana tuƙi kana addu'a da ƙarfi, mutane suna waiwayenmu. Mu Kirista ba mu da yawa a garin nan, amma ban taɓa jin yaron maƙwabci ya kira ka da wani suna ba sai Baba.

Abin da aka fi saninka da shi kuwa shi ne zagayenka. Kowa ya san idan an gama girbi, mazan da za su tafi cin rani sukan bi gidajen dangi da maƙwabta su ce a yafe musu, don tafiya ba ta da tabbas. Kai ba ka taɓa zuwa cin rani ba. Amma duk shekara, lokacin da motoci suka fara cika, sai ka sa rigarka ta Lahadi, ka bi unguwa gida gida, na Musulmi da na Kirista, kana cewa, "Idan na ɓata muku, ku yafe mini." Maƙwabcina Alhaji Abdurrazak yakan tsokane ka: "Iliya, kai kullum bankwana, ba ka tafiya. Mota ce ta bar ka?" Kai kuma ka ce, "Alhaji, a tasha na tsufa. Na ga waɗanda suka tafi sun dawo, na ga waɗanda suka zauna sun tafi." Sai a kwashe da dariya, ni ma da ni ake yi.

Bana ban yi dariya ba. Maƙoƙon da ke wuyana ya girma har yana danne mini numfashi, likitoci a Damagaram suka ce sai an yi aiki, suka sa mini rana. Tun daga lokacin, ko wuƙar yankan kuɓewa na ɗauka sai gabana ya faɗi. Bayan sujada na tare ka a ƙofar majami'a na ce, "Baba, ka roƙa mini Yesu ya narkar da wannan abu, kada a kai ga wuƙa."

Ka ce, "Zan roƙa, 'yata. Amma gaya mini, wuƙar kike tsoro, ko Wanda za ki tarar idan ba ki farka ba?"

Sai ka tuna mini da shanyayyen nan da abokansa suka fasa rufin soro suka saukar da shi gaban Yesu. Ka ce kowa a ɗakin ƙafafunsa yake kallo, amma Ubangiji da zunubinsa ya fara, don ya san ciwon da ya fi zurfi. Na ji haushinka, Baba. Na ce, "Ni wuyana nake fama da shi, kai kana mini wa'azi." Ka yi murmushi ka ce idan zagayenka ya iso gidana za mu ƙarasa maganar, mu yi addu'a tare.

Ranar Talatar nan na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na dama maka kunun tsamiya. Na ji sallamarka a zauren Alhaji Abdurrazak, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gidana ne na gaba. Sai na ji sanda ta faɗi, na ji ana salati. Da na fito, kanka yana kan cinyar Alhaji, bakinka yana motsi, magana ba ta fita. Alhaji ya san abin da ya kawo ka. Yana hawaye yana cewa, "Na yafe, Iliya, na yafe. Ni ma ka yafe mini." Ka matse hannunsa, shi ke nan.

A zaman makoki, mutanen gidajen da ba ka kai gare su ba sun zo da kansu. Kowa ya zauna ya yi gaisuwa, sai ya ce wa iyalinka, "Bai iso gidanmu ba, amma mun yafe." Ban taɓa ganin haka ba.

Ni kuwa tsorona ƙaruwa ya yi. Idan kai, da kake shirye kullum, an ɗauke ka tsakanin ƙofa da ƙofa, ina ga ni da za a kwantar a sa mini wuƙa a wuya? Na gane tambayarka daidai ce. Wuƙa abu ne na yini ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne in buɗe ido a gaban Allah da duk abin da zuciyata ta tara: ƙullin da na riƙe mutane da shi, maganganun da bakina ya fitar, sujadar da na yi jikina yana ciki hankalina yana kasuwa. Na nemi in yi addu'a, baki ya ƙi buɗewa. Wanda zai kama hannuna mu yi tare kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Matarka Inna Saratu ce ta ga halin da nake ciki. Ta jawo ni gefe ta ce, "Lai'atu, da safen nan kafin ya fita ya ce mini kada in jira shi da fura, gidanki zai daɗe. Na kuma ji addu'arsa. Cewa ya yi, Ya Ubangiji, ka taɓa wuyan yarinyar nan, amma kafin nan ka sanar da ita cewa a kan gicciye an riga an yafe mata, ta karɓa kawai." Na fashe da kukan da ban yi ba ko a bakin kabari. Ashe ka iso gidana, Baba, ni ce ban sani ba.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Amma jiya na durƙusa ni kaɗai, na kira sunan Yesu, na faɗa masa kome, bakin kuma ya buɗe.

Allah Uba, ka yi wa bawanka Iliya jinƙai, ka hutar da shi a wurinka har ranar tashin matattu. Ka ta'azantar da Inna Saratu, da 'ya'yansa Ishaku da Rifkatu, da jikoki, da 'yan'uwa a majami'a. Ka saka wa Alhaji Abdurrazak da dukan maƙwabta da alheri, su da suka riƙe kansa sa'ad da mu ba mu kusa. Mu da muka rage, ka gafarta mana zunubanmu.

Jibi zan hau mota zuwa Damagaram. Gobe da hantsi zan ɗaura zanena na Lahadi, in fara daga zauren da ka faɗi, in bi sauran gidajen da ba ka kai ba. Na san wannan karon ba wanda zai tambaye ni ko mota ce ta bar ni.