Littafina da Sunan Wani a Bango

Har yau idan na ga littafin nan mai koren bango a hannun ɗalibi sai in ji raina ya ɓaci. Ni na rubuta shi tun daga shafin farko har na ƙarshe, amma sunan da ke bangon na shugaban sashenmu ne. Har da hotonsa a baya, ya sha babbar riga yana murmushi, mutumin da ban taɓa ganin kashin shanu a takalminsa ba.

Ina koyar da kiwon lafiyar dabbobi a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a Kaura Namoda. Ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne da makiyaya daga Zurmi da Shinkafi da ƙauyukansu, littattafan ɗakin karatunmu kuwa duk na Turanci ne, an rubuta su don shanun da ba su taɓa cin harawa ba. Shi ya sa na fara rubuta darussana da Hausa. Duk hutu sai in hau babur in nufi gida Galadi, in ratsa ta Katuru, in zauna a rugage ina tambayar dattawa yadda suke gane cutar sammore tun kafin saniya ta rame. Ranar kasuwar Shinkafi a kara, wurin cinikin dabbobi, nake wuni, ina buɗe bakin tumaki ina duba dasashi. Wani bijimi ya taka ni a can, farcen babban ɗan yatsan ƙafata bai sake fitowa daidai ba. Shekara huɗu na yi a haka, har hanyar ta lalace, zuwa ƙauye ya zama sai da addu'a da tambayar ko 'yan bindiga sun fito.

Ana nan sai wasu baƙi suka zo suka yi mana bita ta kwana biyu. Suka nuna mana wani shafi a intanet inda malami zai sa abin da ya rubuta kyauta. Akwai lasisin da ake liƙa wa rubutun, wanda ya ce kowa na iya kwafa, ya buga, ya gyara, ya raba, sharaɗi ɗaya ne kawai: a ambaci sunan mai shi. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na tuna ɗalibaina da ke karɓa-karɓa da takarda ɗaya su biyar.

A kwamfutar sashe na buga darussan, domin ba ni da tawa. Rajistar shafin ma da sunan sashe aka yi ta, kuma lambobin sirrin suna hannun shugaba. Da na zo gurbin da aka ce a rubuta sunan marubuci, sai na tsaya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan ya fitar da dammunan gero na sadaka bayan kaka, ba ya kaiwa da kansa. Wani yake bai wa ya kai, ya kuma gargaɗe shi kada ya faɗi daga inda suka fito, don tsoron riya. Da haka na tashi. Sai na ga idan na manna sunana a kan abin da na ce na bayar don Allah, na ɓata ladan da hannuna. Na rubuta sunan sashenmu a gurbin, na tura, na tashi ina jin daɗin kaina. Wautar da na tafka ke nan, kuma ba wanda ya sa ni.

Bayan zango biyu na kai babin ciwon hanta wurin dattijon da ke fotokwafi a bakin ƙofar kwaleji, don a buga wa ajina. Ya duba takardun, ya miƙo mini abina.

"Malam, wanga ba ni iya buga shi. An hana."

"Wa ya hana?"

"Shugabanku yaz zo da kainai. Ya ce duk abin da ac cikin littahinai, in na buga, kashe mini shago za a yi."

Ya jawo littafin daga ƙarƙashin tebur ya ba ni. A tsaye na karanta shi cikin rana. Ko waƙafi bai canza ba. Labarin akuyar da ta ci leda a Katuru yana nan, kuskuren da na yi wajen rubuta sunan wani maganin kaska yana nan. Abin da shugaban namu ya ƙara shafi biyu ne: godiya ga iyalinsa bisa haƙurin da suka yi lokacin da yake wahalar bincike, da gargaɗin cewa ba a yarda a kwafi ko layi ɗaya ba sai da izinin mawallafi a rubuce. Na duba intanet a wayata, na tarar an sauke darussan daga shafin.

Ban yi sallama mai kyau ba da na shiga ofishinsa. Yana cin gyaɗa, bai ko ajiye ba.

"Ranka ya daɗe, wanga aikina na."

"Aikin sashe dai, ƙanena. Kai da hannunka ka rubuta haka. To wa ad da sashe?"

"Lasisin da munka sa ya ce kyauta na ga kowa. Ba a janye shi."

"Ai ban hana kowa karatu ba. Na tsare shi na, kada 'yan kasuwa su wulaƙanta muna shi." Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Ka kwantar da hankalinka. Kana da sauran ƙuruciya, za ka rubuta wani."

Na tsane shi a wannan lokacin, tsana ta gaske, irin wadda ban san ina da ita ba. Na kai ƙara gaban hukumar kwaleji. Aka kafa kwamiti na mutum uku, biyu a cikinsu tare suke zuwa ɗaurin aure a mota ɗaya da shi. Na kawo littattafan rubutuna guda shida, masu tabon laka da maiƙon nono. Shugaban kwamitin ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ya ce rubutun hannu ai ko jiya mutum na iya zama ya yi shi. Na ce a kira makiyayan da na zauna da su. Suka kalli juna. Sun sani sarai rugagen nan sun watse, wasu sun tsallaka Nijar, wasu ba a ma san inda suke ba.

Na ce to a bi maganar lasisin. Sakataren ya gyara tabarau ya ce ya karanta, kuma gaskiyata ce, ba a janye shi. Amma wanda zai yi kukan an tauye masa haƙƙi shi ne mai rubutun, mai rubutun kuma bisa abin da aka shigar sashe ne, sashe kuwa bai kawo ƙara ba. Na ce duk wanda ya sauke darussan tun farko yana da ikon bugawa, ni ma ina da su. Ya ce wannan tsakanina da intanet ne, amma a cikin harabar nan dokar kwaleji ke aiki. Abokan aikina da suka gan ni ina bugawa a kwamfutar nan wata da watanni, kowa ya zama kurma. Ɗaya ya same ni a bayan masallaci ya ce in yi haƙuri, ai ladana na wurin Allah. Na ce masa ban tambaye shi ba.

Hukuncin ya fito a takarda mai layi shida. Ni da na kai ƙara, ni aka mayar abin tuhuma. Ba a same ni da laifin satar fasaha ba, don a cewarsu na yi ne cikin rashin sani. Amma daga yau idan zan raba wa ɗalibai wani abu daga littafin, sai na nemi izinin mawallafi a rubuce.

Sati uku na yi ina taurin kai. Na koma karanta musu da baki suna rubutawa, amma jadawalin awon magani ba ya rubutuwa da baki, kuma jarrabawa ta matso. Rannan na karɓi littafin wata ɗaliba daga Zurmi, na ga ta rubuta awon allurar saniya a gurbin na tunkiya. Wannan yarinya gida za ta koma ta yi wa dabbobin mutane allura.

Na zauna na rubuta takardar neman izini, na kai wa shugaban sashe. Ya karanta a hankali har ƙasa, ya gyara mini kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Ka buga ko nawa kaka so, ƙanena," in ji shi. "Ni ba ni rowar ilimi."

Na karɓi takardar da hannu biyu. Kuma na ce masa na gode.