Umma Ce Ta Zaɓi Ɗa'ifa

A Makka aka haife mu, a wani lungu da ke bayan titin Mansur, inda duk ka juya dutse kake gani. Sai dai duwatsun garinmu baƙaƙe ne masu zafi, ba mai hawansu don nishaɗi. Shi ya sa da yayana ya kawo shawarar mu tafi hutu mu hau duwatsun kudu, inda aka ce gajimare na saukowa har kafaɗar mutum, ban yi musu ba.

Lokacin mun gama hidimar alhazai a Mina ke nan, jiki ya yi laushi. Abin da ya rage shi ne garin da za mu yada zango, mu riƙa fita da safe muna dawowa da yamma. Yaya ya kafe a kan Abha, saboda hotunan da ya gani a waya. Ni kuwa Baha nake so, don wani abokin aikina ya ce akwai itatuwa da tsofaffin hanyoyin ƙafa. Muna cikin gardama, rabi da Hausa rabi da Larabci, sai Umma ta ajiye kofin shayinta.

"Ni dai ba a tambaye ni ba."

"Umma, ai hawan dutse za mu yi," in ji Yaya. "Ga gwiwarki."

"Na ce maka zan hau? Ku hau abinku. Amma ba za ku bar ni cikin wannan zafi ina gadin gida ba. Kuma wanda zai wuni a gari shi ke zaɓen gari."

Ta ce tana son masallaci kusa, da kasuwar da za ta iya takawa, kuma ba ta son doguwar tafiyar da za ta karya mata baya. Nan take Abha da Baha suka faɗi. Ɗa'ifa ce ta rage, garin kan dutse da ke kusa da Makka, wadda Yaya ya ce ai nan ƙofar gida ce, ba za a kira ta tafiya ba. Umma ta ce to ya zauna.

Ya kuwa shiga mota. Muka bi hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe, muka tsaya kallon birai a bakin titi. Umma ta miƙa wa wani ƙaramin biri guntun masa, sai wani gwaggon biri ya zuro hannu ta taga ya ɗauke ledar masar gaba ɗaya. Ta yi dariya har da hawaye, tana cewa ko a Mansur ba ta taɓa samun mai son masarta haka ba.

Muka kama ɗaki kusa da tsohuwar kasuwa. Kullum bayan asuba ni da Yaya mu hau mota zuwa Shafa, wani ƙauye da ke saman duwatsun, mu ajiye ta mu shiga tsakanin duwatsu da gonakin wardi. Wata rana hazo ya rufe mu, yayyafi ya biyo baya, muka dawo muna rawar ɗari. Muka tarar Umma ta dama kunu, ga wata Balarabiya mai sayar da ruwan wardi zaune kusa da ita suna hira kamar tare suka tashi.

Washegari cinyoyin Yaya suka ƙi hawan dutse. Ni kaɗai na fita, shi kuma ya wuni yana bin Umma a kasuwa da kwandon rumman da inabi. Da na dawo na same shi a shagon wani tsoho yana koyon bambanta zuma, ya ce in ɗanɗana kafin in yi masa dariya.

Mun koma Makka motar cike da tsaraba, har ba wurin ajiye ƙafa. Maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, Umma na raba musu 'ya'yan itace tana ba su labarin sanyi. Wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce ashe dai Umma ta yi haske, sai Umma ta ce wa tsohuwar ta fara shiri, baɗi da ita za a tafi.