Daura Zuwa Zango a Keke, Neman Izinin Yaya

Tashi

Ran Asabar na fito daga gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. Na duba iskar taya, na duba birki, na ɗaure ƙafar wando da roba. Wata uku ke nan da likita ya ce in rage ƙiba ko hawan jini ya kayar da ni, na ajiye babur na sayi keke. Labari ya kai Zango wurin Yaya Hajara, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta aiko cewa in daina. Ban taɓa tsallake maganarta ba. In ta maimaita a gabana, ni da keke mun rabu. Shi ya sa na tafi da kaina, a kan abin da ake ƙara.

Hanya

Kafin in fita gari mutum uku suka tsayar da ni suna yi mini jaje, a zatonsu shagon ɗinkina ya karye. Na amsa gaisuwa na wuce. Bakwai da minti goma na isa shingen kwastan. Wani jami'i ya dubi cikina ya ce, "Alhaji, buhu nawa ne a ƙarƙashin rigar?"

Na ce, "Ɗaya ne, kuma na gida ne. Shekara ashirin ina tara shi."

Ya yi dariya, ya ba ni benci da ruwa. Na huta minti goma sha biyar. Daga nan sirdi ya fara gaya mini magana. Sau biyu na sauka na tura, ba zan ɓoye ba.

Zango

Tara da rabi na yi sallama. Na durƙusa na gaishe da Yaya. Ta dubi keken, ta dube ni.

"Sani, wuyanka ya fito. Ka rame."

"Ramar nake nema, Yaya."

"Rama ko ciwo ko talauci. Wanne ne naka? Faɗa mini, ba kowa a nan."

Na jero mata bayani: na ɗaya likita, na biyu jini, na uku gwiwa. Ba ta saurari ko ɗaya ba. Ta dama fura ƙwarya guda, ta ce da la'asar za a saka ni a mota, keken kuma ya zauna a zaurenta.

Na nemi buta zan yi sallar walaha. Ta fito da farar kujerar roba da take ajiye mini, don shekara biyu ke nan a zaune nake salla. Na ce ta bar ta. Na yi raka'a biyu, da ruku'u da sujada. Da na sallame, tana tsaye riƙe da kujerar.

"Yaushe goshinka ya koma ƙasa?"

"Sati biyu ke nan."

"Keken ne?"

"Allah ne, sai keken."

Ta mayar da kujerar ɗaki, ta dawo tana gyara mayafi.

"To, ka hau. Amma duk wanda ya tambaya, ka ce magani ne. Kada a ce danginka sun bar ka da yunwa."

Komawa

Na baro Zango huɗu da kwata, na shiga Daura ana kiran magariba, sau ɗaya na tura. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina kuma gode wa Yaya. Furar da ta ɗaure mini a bayan keke ta mutum shida ce. Na sha ludayi uku, na aika wa maƙwabta sauran.