Bwanaheri Mai Tsaron Ƙofa

Kafin Ras Kitoto ta cika da gidajen masu zuwa hutu, gonakin kwakwa ne kawai, da hanya ɗaya mai gangarawa teku ta gindin kuka. Bwanaheri masunci ne kamar iyayenmu, sai dai rago ne. Shi ya riƙa yawo da baƙi yana nuna musu filaye, har da rijiyar unguwa. Da suka sayi filayen suka ja katanga suka toshe hanyar, sai suka ba shi kaki da sanda ya tsare ƙofa.

Tun daga nan matanmu suka koma zagaye ta cikin laka, da kwandon kifi a ka. Wata safiya gwaggona Mwanajuma ta gaji, ta tsaya a gabansa.

"Buɗe in wuce, ɗan Fumo."

"Mama, ba a shiga da ƙarnin kifi. Baƙi na karyawa."

"Ƙarnin da uwarka ta goya ka a cikinsa? Tir da kai, karen gidan wani!"

Ya ɗaga mata sanda. Har ta rasu ba ta sake kama sunansa ba.

Shekara goma sha tara ya yi a ƙofar nan. Da gwiwoyinsa suka gaza, masu gidajen suka sallame shi. Ya dawo yana neman jirgin kamun kifin da zai ɗauke shi aiki, ba wanda ya tanka masa. Yanzu a inuwar masallaci yake wuni. In ya yi sallama mukan amsa, tunda wajibi ne, amma ba ma ƙara ko kalma.